Lambobin Mai Tari

A shekarar da aka kwashe ƙasar gidajen ƙauyen Abare saboda gubar dalma, shebur ɗin Murtala ya daki wani gwangwani a ƙarƙashin tsohon ɗakin kakansa Namadi. A ciki akwai lambobi uku irin waɗanda sojoji ke maƙalawa a ƙirji. Biyu farare ne, ɗaya kuwa ja-ja take, tana ƙyalli kamar zinari.

Murtala ya yi shekara tara yana niƙa dutsen zinari, kuma masu wannan sana'a ba sa yarda da abin da ido ya gani sai wuta ta gwada. Bai tambayi kowa ba, ya wuce maƙera da jar lambar. Aka yi zuga, ta narke ta dunƙule. Tagulla ce. Ya ja tsaki, ya jefa dunƙulen aljihu.

Yana komowa da azahar ya ji tari a bayansa, mai zurfi, kamar ana yaga tsumma. Ya waiga. Babu kowa a hanyar sai akuya.

Kwana uku tarin yana binsa, har bakin injin niƙa, inda ko ihu ba a ji. Rana ta huɗu ya ajiye gwangwanin gaban mahaifiyarsa, Tasalla, ya gaya mata tarin da ke binsa.

Tsohuwar ta bar tsinkar zogalen da take yi. "Ina kas samo wanga?"

"Ɗakin Kaka, Inna."

"Ukku ne. Ina guda?"

Ya fito da dunƙulen. Ta karɓa ta duba.

"Kai dai komi ya yi ja, sai ka kai shi wuta," in ji ta. "Ko ni, da ja nike, da tuni ka narkad da ni."

Sannan ta ba shi labari. Tana yarinya, wani Bature daga Ostareliya ya zo neman zinari, mahaifinta Namadi ne ke nuna masa daji. Baturen tsohon soja ne, ya yi yaƙin Jamus na farko, inda ya shaƙi hayaƙi mai guba a ramin yaƙi. Tun daga nan tari bai sake shi ba, har mutane suka sa masa Mai Tari. Da ciwon ya kwantar da shi a wajen Bukkuyum, ya damƙa wa Namadi lambobin, ya ce a ajiye har wani nasa ya zo. Namadi ya rantse, ya binne su ƙarƙashin shimfiɗarsa kamar yadda ake yi da amana. Ba wanda ya taɓa zuwa.

"Shi kake ji?" ta tambaya.

"Shi nake ji, Inna."

"To, amanar gidanmu ce ka ƙone. Maida mishi kayanai, duka."

Washegari ya goya ta a babur. Ta nuna hanya har gindin wata tsamiya, inda duwatsu bakwai ke jere cikin ciyawa, alamar kabarin Mai Tari. Kafin ya haƙa, Murtala ya juya farar lamba ɗaya, sai ya ga ƙananan haruffa a gefenta. Ya haɗa su da ƙyar: sunan mutumin ne da lambarsa ta soja. Irin rubutun da ya narkar ke nan a jikin ta ukun.

Ya saka lambobin biyu a rami, ya ɗora dunƙulen a kai.

"Gaya mishi," in ji Tasalla.

"Ni jikan Namadi ne," Murtala ya ce da duwatsun. "Ban sani ba. Ka yafe."

Ya mayar da ƙasa. Suka tsaya suna saurare. Babu komai sai kurciya a kan tsamiya.

"Ya yi shiru, Inna."

"Mu tahi."

Ya kama babur zai tayar, sai ƙirjinsa ya sarƙe. Ya duƙa ya yi tari mai zurfi, kamar ana yaga tsumma. Da ya ɗago, Tasalla ta ja da baya tana kallonsa. Shekara saba'in rabonta da jin wannan tarin, amma ta gane shi.