Gudumar Wofa Ampofo

"Ke kika fara ganin gawar?" in ji mutumin inshora. An tura masa benci, ya ƙi zama.

Maame Dufie ta ci gaba da juya ayaba a cikin mai. Shekara goma sha tara tana suya a ƙofar gidan nan na Bantama, a Kumasi, kuma tana haya a ciki. Mai gidan, Wofa Ampofo, tsohon direban tasi, shi ne ya faɗo daga rufin bene ranar Talata da hantsi.

"Ni ce. Sai aka yi yaya?"

"Me ya hau yi?"

"Ɗana, kai in rufinka na yoyo, ƙasa kake tonawa?"

Matan da ke jiran ayaba suka tuntsire da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

"Maame, wata goma sha ɗaya ke nan da ya yi inshorar rai. A ƙa'idarmu, wanda ya kashe kansa kafin shekara biyu, ba a biyan iyalinsa. An ce tun da idonsa ya lalace aka hana shi tuƙi, ya daina fita."

"An ce! Wa ya ce?"

Ta saci kallon cikin gida. Afrakoma, matar mamacin, na tsaye bayan labule da baƙin zane, 'ya'ya uku na makaranta a wuyanta. In maganar nan ta tabbata, ba kuɗi kaɗai za su rasa ba. Dangi ma binne shi za su yi a gaggauce, ba kiɗa, ba zaman makoki.

Dufie ta tuna. Ranar Litinin Wofa ya kawo mata akun da ya fi shekara goma yana kiwo, wai surutunsa ya ishe shi. Washegari ta gan shi yana hawa tsani da farar rigarsa ta zuwa coci, hannunsa ba komai. Ta gaishe shi, bai amsa ba.

"Da kayan aiki ya hau?"

"Da guduma. Da idona na gani."

"Ba a samu guduma a wurin ba."

"A Bantama? Tuɓe takalminka ka ajiye nan, ka juya baya, ka gani!"

Ya daɗe yana kallonta kafin ya rubuta. Ayaba biyu suka ƙone.

Sau biyu yana dawowa, yana canza wa tambayar fuska. Amsarta ba ta canza ba. Bayan sati bakwai aka biya.

Ranar makoki, wadda aka ɗage har zuwa lokacin, aka kafa rumfuna har bakin titi, makaɗa suka cika unguwa. Da layin gaisuwa ya kawo Dufie gaban Afrakoma, sai matar ta riƙe hannunta, ta ƙi saki, na baya suna jira. Babu wadda ta ɗago ta dubi 'yar'uwarta.