Gadul ɗin Madam Lydia

Madam Lydia, shugabar wata firamare a Tarauni, gadul ɗaya gare ta tun tana amarya, wato wandon roban nan mai matse tumbi. Na uwarta fari ne, irin na matan mishan. Baƙi kuwa, a ganinta, sai marasa kunya. Nata, mai kanti ya rantse mata kalar fata ne, ashe fatar Baturiya yake nufi, don ya fi kama da cikin gwanda. Shekara ashirin tana sa shi tana mita.

Da soja suka miƙa mulki a 1999, aka gayyace ta bikin rantsar da kansilansu. Ta ɗinka farin leshi, ta gwada, sai ga ruwan gwanda yana leƙowa ta hujojin. Ta naɗe gadul ɗin a jarida, ta ce wa mijinta Habila ya kai wa Garba mai rini a Gyadi-Gyadi, a mayar da shi ruwan ƙasa, daidai fatarta.

Habila ya tarar da majalisa cike a ƙofar shagon ana musun siyasa. Garba ya ɗaga abin sama yana jujjuyawa, kowa ya zuba wa Habila ido. Kunya ta rufe Habila, ya ce ai nasa ne, ciwon baya ke damunsa, ranar rantsarwa zai sa. Da aka tambaye shi launi, ya ce duk wanda ya dace, ya yi gaba da sauri.

Sai da safiyar biki Lydia ta warware jaridar. Kore, fari, kore. Garba har bilicin ya sa wa tsakiyar don ta fito tas. Ta daɗe tana kallon mijinta, shi kuma yana kallon takalminsa. Leshin ba ya shigarta sai da gadul, ga lokaci ya ƙure. Ta sa, ta rufa da mayafi.

Ana miƙewa don taken ƙasa sai mayafin ya zame. Hajiya Binta, matar kansila, ta ƙura wa ƙugunta ido, ta sunkuyo.

"Madam, tuta nake gani?"

"Ita ce, Hajiya. Mun daɗe muna jiran ranar nan."

Kafin mako ya zagayo mata huɗu sun aika wa Garba nasu. Habila kuwa, in zai wuce majalisar sai ya dafe baya ya rage sauri, ana yi masa sannu, kowa da maganin da zai ba shi.