Kashi Na Biyu Na Mahmuda

Ni na raka Mahmuda Kano a daminar 1985, saboda haka ni kaɗai ne a duk Kurfi na san bai ga kashi na biyu na fim ɗin nan ba. Mun shiga silima, mun zauna, an fara nuna sunaye ke nan ruwa ya kece. Silimar kuwa ba rufi. Muka fito a guje, muka kwana a tasha, gari ya waye muka ɗauko kayan keken da muka je saye muka dawo gida.

Mahmuda mai gyaran keke ne, amma ba don keke ake cika rumfarsa ba. Shekara biyu kafin nan ya ga kashi na ɗaya, ya dawo ya ba da labarinsa har kowa ya haddace: duniya ta ƙone, ruwan sama ya ɗauke, wani azzalumi ya zagaye kogin da ya rage da ganuwa, ya sa mutanen ƙarfe gadi. Jarumin kuma, wanda muka raɗa wa suna Ɗan Gurgu saboda ɗingishinsa, ya rantse sai ya fasa ganuwar. A nan fim ya tsaya, mu ma a nan muka tsaya shekara biyu.

To da muka dawo daga Kano muka sauka daga mota, mutane suka yanyame shi. Ina jira in ji ya ce ruwa ya hana. Sai na ji mutumin nan ya gyara murya ya ce, "Ku ba ni wuri in zauna tukuna."

Wallahi ban taɓa jin ƙarya mai daɗin wannan ba. Ɗan Gurgu ya haƙa rami ta ƙarƙashin ganuwa. Ya gano mutanen ƙarfe tsatsa ke kashe su, ya bi su da gishiri. Da ganuwa ta fashe, ruwa ya malalo kamar an buɗe madatsar ruwan Zobe, shanu suka fito daga duwatsu suna kuka, har azzalumin ya nemi a sam masa a moɗa aka hana shi. Baba Sodangi, dattijon makiyayin da fari ya cinye wa garke a shekarun baya, sai da ya share ido da bakin rawani. Ni kuwa na yi gum, don Mahmuda ya sayo mini tsire a hanya, kuma ni ma ina son jin ƙarshen.

Haka muka ci shekara guda lafiya. Sannan Enoch ya ɓata mana lissafi.

Enoch mutumin kudancin Zariya ne, yana gyaran rediyo a Dutsin-Ma. Ya sayo bidiyo da ɗan janareta, ya jera bencina a zauren gidan da yake haya. Wata rana labari ya iso Kurfi cewa ya samo kashi na biyu, zai nuna bayan azahar. Lawal direba ya ce kyauta zai kwashi kowa a a-kori-kurarsa. Mahmuda ya ce ciki na murɗa masa. Aka ce ai shi ne zai yi fassara, aka ɗaga shi cak aka sa gidan gaba. Duk tsawon hanya ban yarda mun haɗa ido ba.

Fim ya fara. Minti goma ba a yi ba aka harbe Ɗan Gurgu, ya mutu murus. Lawal ya ce, "Ku ƙyale shi, dabara ce, yanzu zai tashi ya hau haƙa." Bai tashi ba. Wata mace mai askakken kai ta ɗauki bindigarsa, aka yi ta gudu da motoci, aka yi ta fashe-fashe, aka yi ta surutu a ɗaki mai duhu. Ba rami, ba gishiri, ba ko saniya ɗaya. Daga ƙarshe matar ta tsaya gindin ganuwa tana harararta, sai rubutun ƙarshen fim ya hau.

Da muka fito tsakar gida kowa ya zama alƙali. Wani malamin makaranta ɗan Dutsin-Ma ya ce fim ne mai zurfi, yana nuna inda duniya ta dosa. Lawal ya ce, "Malam, zurfin mi? Awa biyu muna zaune ko hannu ba a wanke ba." Wani ya ce motocin dai sun burge shi. Aka ce masa mota ake sha? Baba Sodangi ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, mutane da wannan uban ƙarfe da injuna, a rasa mai hankalin da zai gina rijiya.

Daga nan magana ta juya kan Enoch. Lawal ya nuna shi da yatsa. "Kai, jabu ka sawo! Mu mun san na gaskiya. Wanga ba shi ba ne."

"Oga Lawal, ga kwalin nan, duba lamba biyu a jiki," in ji Enoch.

"Lamba kowa na iya rubuta ta. Daga yau ba ɗan Kurfin da zai sake tako zauren nan, kuma sai na faɗa ma kowane fasinja tun daga nan har Katsina."

Na ga fuskar Enoch ta canza. Duk abin da ya tara a gyaran rediyo a cikin akwatin nan ya zuba shi, ga matarsa Roda tsaye bakin ƙofa da goyo tana jin komai. Tausayinsa ya kama ni, amma ban motsa ba, ban kuwa ji daɗin kaina ba.

Mahmuda ne ya miƙe. Ya ce, "Jama'a, ku bar bawan Allah. Nashi ne na gaskiya. Ni ban ga komi ba a Kano, ruwa ya kore mu. Duk abin da na faɗa maku daga kaina na ƙago shi."

Ni dai na ce yau rumfar keke ta mutu.

Baba Sodangi ya dube shi ya girgiza kai. "Mahmuda, taimakon baƙo abu ne mai kyau, amma ba da ƙarya ba. Kai da ko wasiƙa sai an rubuta maka, kai za ka ƙago gishirin nan?" Sai ya juyo gare ni. "Sabitu, kai ka raka shi. Ya gani ko bai gani ba?"

Ido ya dawo kaina. Ga Enoch, ga Mahmuda, ga tsohon da shanunsa suka dawo masa a bakin Mahmuda. Na ce, "Baba, ya gani, ina gefensa. Amma shi ma Enoch ba jabu ya sawo ba. Turawa iri biyu suke yi. Akwai na silima, akwai wanda suke aiko ma masu bidiyo."

Nan take kowa ya ce ai dama ya zargi haka. Lawal ya ba Enoch hannu, ya ce ba laifinsa ba ne, rowar Turawa ce. Malamin makarantar ya buɗe baki, ya ga yawanmu, ya rufe.

A hanyar komawa Mahmuda ya matso kusa da ni a bayan mota, idonsa ja wur. "Sabitu, sau ɗaya na faɗi gaskiya a rayuwata, ka ƙaryata ni gaban jama'a."

Har ya bar duniya, in ana lissafin halinsa a Kurfi, cewa ake mutum ne mai gaskiya, sau ɗaya tak aka taɓa kama shi da ƙarya, ita ma don ya ceci baƙo ya yi ta.