Motar Ɗanmalam Ba Ta Shan Zuwa-zuwa

Ƙanena Ɗanmalam bai taɓa sayen abu don yana bukatarsa ba, sai don ya gan shi zuciyarsa ta buga. Haka ya yi da jar motar nan, shekarar da aka karya darajar sefa. Wani Bature na kamfanin auduga zai koma gida, ya sa ta a kasuwa: ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Na ce, "Ɗanmalam, ina za ka sa iyali? Ina za ka sa buhun masara?" Ya ce, "Yaya Iyatu, ki dai saurari muryarta." Ya tayar. To, gaskiya tana da murya.

Sana'ar ƙanen nawa zuwa-zuwa ce, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Nijeriya ta bayan idon duwan, wato kwastan, a jera a kwalabe kan tebura bakin hanya. Rabin teburan garin Garwa nasa ne, kuma takensa ɗaya: man Ɗanmalam ba a haɗa shi da komai. Ni da muka fito ciki ɗaya na san idan hanya ta yi wuya akan ɗan tsoma masa kananzir. Babura ba sa ƙorafi, sha suke yi su wuce.

Roger, bakaniken da ya daɗe yana kula da motar tun tana hannun Bature, shi ya zo ya buɗe kanta a ƙofar gidana, yana bayani kamar mai ba da amanar jinjiri.

"Patron, silinda shida ne, ƙarfin doki ɗari biyu. Ka canza mata baƙin mai kan lokaci, ka duba ruwa, ka bar ta ta ɗumama kafin ka taka, za ta binne mu duka. Amma injin nan yana matse mai da ƙarfi ƙwarai. Sufa kawai take sha, tsantsar fetur na gidan mai. Ka ba ta na kwalba, za ka ji tana ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Kana jin haka, fistan ne ke cin wuta."

Ɗanmalam ya ce, "Har da man teburina?"

Roger ya kalli sama, ya kalli ƙasa. "Musamman naka, Patron."

Na yi dariya har na riƙe bango. Ashe ni dariyar za ta ƙare a kaina. Ta yaya sarkin zuwa-zuwa zai tsaya a gidan mai, gari na kallo? Shi ke nan kowa ya ce shi ma bai yarda da kayansa ba, tebura su mutu. Sai aka ɗora mini. Ni, dattijuwa da jikoki, nake ɗaukar jarkoki in je in sayo sufa, in ce na injin markaɗe ne. A zaurena ake shayar da gimbiyar, ƙofa a rufe.

Kai, ya so motar nan! Da kansa yake wanke ta, da kansa yake zare sandar mai ya goge a farin ƙyalle ya ɗaga wa rana. Idan zafin Afrilu ya tsananta, shi ya zauna a rana, ita a ƙarƙashin darbejiya. Ba ta taɓa ba shi kunya ba kuwa, murɗa ɗaya take tashi.

Jules, mai zuba mai a gidan man, bakinsa ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Shi ya kai wa Dawuda labari, kuma Dawuda shi ne mai sauran rabin teburan garin.

Ranar wata Lahadi da hantsi, ina babban teburin Ɗanmalam na bakin kasuwa, ya zo zai kai ni Pituwa gaisuwar haihuwa. 'Yan babur sun cika wurin. Sai ga Dawuda da fara'arsa.

"Alhaji, an ce injin markaɗen Hajiya ya fi na kowa gata a Garwa. Sufa yake sha!"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Dawuda, ina ruwanka da markaɗena? Ka taɓa kawo mini wake?"

Bai ko kalle ni ba. Ya zaɓi kwalabe da hannunsa daga ƙarshen tebur, ya miƙa. "Tunda manka ba haɗi, shayar da amarya mu gani. Mu raka ku Pituwa, mu ga gudun da ake faɗa."

Makon nan kuwa hanya ta yi wuya. Na sani, Ɗanmalam ya sani. Na taka masa ƙafa har sau biyu. Ya dubi motar, ya dubi masu sayar masa da suka yi tsuru-tsuru, kowanne da gidan da yake ci daga teburan nan. Sai ya yi murmushi, ya ce a kawo mazurari. Shi ya zuba da kansa, har tankin ya cika.

Muka hau hanya, babura a bayanmu suna ihu. Da ya taka, wallahi sai da ɗankwalina ya nemi barina. Ba mu yi nisa ba na ji abin: ƙas-ƙas-ƙas, can ƙasa.

"Ɗanmalam, sassauta!"

"Suna kallo, Yaya."

"Za ka kashe ta!"

"Na ji ta," ya ce. "Tun kafin ki ji na ji ta."

Bai ɗaga ƙafa ba. Baburan suka zama ɗigo a madubi, sannan suka ɓace. Allurar zafi tana hawa, ƙarar tana ƙaruwa, shi kuma yana shafa sitiyari yana cewa, "Yi haƙuri, kaɗan ya rage." Ta kai mu, baiwar Allah. Ya tsaya a bakin kasuwar Pituwa, ya kashe ta da kansa kafin kowa ya ga hayaƙin, ya fito ya jingina yana ɓare gyaɗa. Da su Dawuda suka iso, ya tambaye su ko a hanya suka yi sallar azahar.

Ba ta sake tashi ba. Bayan jama'a sun watse, Roger ya zo da babbar mota, muka lulluɓe ta da tamfol. Da ya kwance injin, fistan biyu sun huje, ya leƙo ni ta ramin ɗaya. Ya ce kayanta sai daga Turai, in ma an samu.

A gari an ce wani attajirin Chadi ya saye ta da tsada, ni ma na taimaka wajen yaɗa hakan. Ciniki ya buɗe wa Ɗanmalam fiye da dā, kowa na son man da jar mota ta sha ta tsere wa babura.

Tana bayan ɗakina har yau. Jiya ya zo, ya tarar jikokina sun hau suna wasan direba. Na tashi da tsintsiya zan kore su, ya riƙe hannuna. Ƙaramin yana riƙe da sitiyari yana yin kukan injin da bakinsa. Ɗanmalam ya tsuguna kusa da shi.

"Ba haka take yi ba," ya ce. "Saurara."

Ya buɗe baki zai gwada masa, muryar ta ƙi fita.