Ranar da Katafila Ta Shiga Fim

Ba'ana ya shekara ashirin da shida yana tuƙa katafila, irin mai dogon hannu da bokiti a gaba, wadda ake haƙa rami da yashe kwata da ita. Mutumin Mafoni ne, can aka haife shi, can ya yi aure, kuma duk unguwar an san shi da ƙarancin magana. Idan ya gama gaisuwa, to ya gama zance. Maigidansa a wurin aiki, Manasse, mutumin Biu ne mai fara'a, wanda ya fara da tsohuwar tipa guda har Allah ya hore masa katafila biyu da gireda. Sun daɗe tare, har ta kai Manasse ba ya gaya masa yadda zai yi aiki, sai dai ya gaya masa inda aikin yake.

A watannin da suka biyo bayan ambaliya, aiki ya yi musu yawa. Aka tura Ba'ana Bulabulin ya yashe wata babbar kwata da yashi da leda suka toshe. Kullum mutane sai sun taru suna kallo, ya saba da wannan, ba ya ma ɗaga kai. Amma ya lura da wata matashiya mai lafaya ruwan toka da ta zo kwana uku a jere, tana tsaye ƙarƙashin dogonyaro, wayarta a ɗage. Rana ta uku da ya sauko zai yi alwalar azahar, sai ta matso ta rusuna ta gaishe shi da Kanuri, ta yi masa wushe, ta ce sunanta Rumaisa'u.

Ta yi masa bayani cewa ita da abokan karatunta na jami'a suna shirya wasan barkwanci mai dogon zango, suna sa shi a intanet duk mako, Hausa da Kanuri a gauraye kamar yadda ake magana a gari. A kashi na gaba akwai wani attajiri mai taurin kai da ya gina shago a kan kwata, ruwa ya cinye gidajen maƙwabta, aka turo katafila ta rushe shagon. Komai sun tanada, katafilar ce kaɗai ta gagare su. Ba'ana ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ce injin ba nasa ba ne, ya ba ta lambar maigida. A ransa ya ɗauka maganar ta mutu ke nan.

Ashe Manasse yana cikin masu kallon wasan, shi da matarsa ba ya wuce su. Da yamma ya kira Ba'ana yana dariya, ya ce ya ba su injin ranar Asabar, su dai su zuba gas. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kowa ya taɓa sitiyari ko liba in ba Ba'ana ba.

Ranar Asabar da hantsi aka haɗu a wani fili kusa da kwatar. 'Yan fim sun kafa shago na falanki da kwano, sun shafa masa shuɗin fenti, har da allon suna. Wanda zai fito a attajirin wani saurayi ne siriri mai suna Hamisu, an cusa masa matashin kai a cikin riga, ya sha babbar riga da doguwar hula mai aikin hannu. Kafin a kunna kyamara, Ba'ana ya sauke bokiti ya ja dogon layi a ƙasa da haƙori ɗaya, ya leƙo ta taga ya ce muddin injin na kunne, kada ƙafar kowa ta ƙetare layin nan. Rumaisa'u ta ce ta ji, ta kuma maimaita wa mutanenta.

Matsalar farko ta taso nan take. Sun zo da ɗan wasan da zai zauna a kujerar direba, a nufinsu Ba'ana ya ɓuya a gefe yana sarrafa injin. Amma ɗakin direban katafila mutum ɗaya yake ɗauka, kuma Ba'ana ya ce ko da yana ɗaukar biyu ba zai yi aiki a tsugune ba. Rumaisa'u ta dube shi, da tsohuwar rigar aikinsa da furfurar gemunsa, sannan ta ce wa ɗan wasan ya yi haƙuri ya koma cikin 'yan kallo.

“Baba, kai za ka fito,” ta ce wa Ba'ana. “Magana ɗaya ce tak. Idan Alhaji mai shago ya gama masifa, sai ka leƙo ka ce masa, ruwa ba ya karɓar cin hanci.”

Ba'ana ya so ya ƙi, amma ya ga idanu sun yi masa yawa, ga Manasse zaune a kan benci da lemar rana yana murmushi. Ya ce to.

Aka fara. Hamisu ya fito daga shago yana huci, yana nuna katafila da sanda, yana faɗin sunayen manyan da ya sani. Da ya kai ƙarshe, mai kyamara ya juyo kan Ba'ana. Ba'ana ya leƙo, ya dubi baƙin gilashin nan da ke kallon sa, sai maganar ta ɓace masa ɗungurungum. Aka sake. A karo na biyu ya tuna, amma ya faɗe ta a hankali kamar mai ba da haƙuri a gidan makoki. A na uku ta fito masa da Kanuri, rabi kuma ya haɗiye. A na biyar ya ce cin hanci ba ya karɓar ruwa, 'yan kallo suka kwashe da dariya, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa har tana share hawaye. Gumi ya jiƙa masa riga. Mutumin da ya taɓa fito da tirela daga cikin kogi ba tare da gabansa ya faɗi ba, yau ga shi kalma shida sun kayar da shi a gaban sa'o'in 'ya'yansa.

Rumaisa'u ba ta yi dariya ba. Ta sa aka dakata, ta zo bakin layi ta tsaya, ta ce a kawo masa ruwan sanyi. Bayan ya sha, ta ce masa ta soke maganar. Ya manta da kyamara, ya yi aikinsa kawai yadda ya saba, duk abin da Alhaji zai faɗa kada ya tanka masa. Ba'ana ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Aka sake ɗauka. Wannan karon Hamisu ya zage sosai, ya yi tsalle, ya buga sanda a ƙasa, ya jijjiga kai da ƙarfi har hular ta tashi, ta gangara ta ƙetare layi, ta tsaya a kife kusa da kacar injin. Wannan ba ya cikin shiri. Hamisu ya zabura zai bi ta, domin hular ta yayansa ce, aro ya yi. Ba'ana ya danna hon sau ɗaya, Hamisu ya ƙame a bakin layi, tumbin matashi na rawa a gabansa.

Ba'ana bai yi tunanin fim ba, shi dai ya ga hula mai tsada a cikin ƙasa. Ya sauko da hannun katafilar a hankali, ya kwantar da bokitin, ya zura haƙori ɗaya ƙarƙashin bakin hular, ya ɗaga ta. Ƙaton ƙarfen da ke tumɓuke kututture ya juyo sannu a hankali, hula na lilo a bakinsa, ya zo daidai kan layi ya tsaya cik. Hamisu ɗan wasa ne na gaske. Ya dubi hular, ya dubi bokitin, ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya kakkaɓe ta, ya ɗan rusuna wa katafilar kamar mai gode wa surukinsa, sannan ya kafa hular ya ci gaba da masifa daga inda ya tsaya. Mai kyamara ya cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa.

Saura rushe shago. Rumaisa'u ta so a ji ƙara, a ga ƙura, falanki ya tarwatse. Shagon ɗaya ne, ba damar sakewa. Amma Ba'ana da ya dubi kwanon ya ga sabo ne, hannunsa ya ƙi. Ya sa haƙora ƙarƙashin rufin, ya ɗage shi ɗungum, ya ajiye a gefe ko lanƙwasa bai yi ba. Sannan ya tura bango huɗun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kwanta a ƙasa lafiya lau. Da ya kashe injin ya sauko, ya tarar da Rumaisa'u ta dafe kai. Ya tambaye ta ko ya ɓata musu aiki.

“Ba abin da na rubuta ba ke nan, Baba,” in ji ta. “Amma bar shi haka. Ka ma cece mu, kwanon na kawuna ne.”

Wasan ya fita ranar Alhamis. Ba'ana ba shi da babbar waya, saboda haka bai san abin da ake ciki ba sai ranar Juma'a, da ya fito masallaci wani mai keke ya rage gudu ya cire hularsa ya miƙo masa da hannu biyu. Mahauta a Kasuwar Shanu suka tsayar da shi, sai da aka ɗauki hoto da shi kafin a yanka masa nama. Aka yanko wurin hular kaɗai ana ta turawa a waya, wasu sun sa masa kiɗan ganga, wasu na Indiya. Wani ɗan kasuwa ya aiko a tambaye shi ko zai ɗauko ango a cikin bokiti ranar biki. Ba'ana ya ce a gaya masa bokiti na yashi ne, ba ya ɗaukar ɗan Adam a ciki.

Matarsa Kellu ta gani a wayar maƙwabciya. Ran nan bayan la'asar ya dawo ya same ta a tsakar gida tana haɗa turaren wuta, ta aro wayar ta jingina a jikin turmi. Ta ce ya zauna su kalla tare. Ya zauna a bakin tabarma yana sosa ƙeya. Ya ga kansa ƙarami a cikin gilashin taga, fuska a murtuke, ya ga hannun injin yana saukowa. Bai taɓa ganin aikinsa daga waje ba. Ya lura bokitin ya ɗan karkata hagu kafin ya tsaya, ya ƙudurta ranar Litinin zai sa makaniki ya duba fil ɗin da ke riƙe da shi.

Kellu ta mayar da wurin baya har sau uku. Shekara ashirin da huɗu tana wanke masa rigunan da suka sha baƙin mai, amma ba ta taɓa zuwa inda yake aiki ba.

“Malam, ashe haka hannunka yake da taushi,” ta ce, ba ta ɗago ba. “To me ya sa kofunan shayina ba sa shekara a gidan nan?”

Ya yi dariya har ya tuntsire, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce kofi ba shi da liba.

Bayan mako biyu Rumaisa'u ta dawo da takardar sabon kashi, ta ce masu kallo sun dame su da tambayar mai katafila. A sabon kashin Alhaji zai yi ƙoƙarin sayen direban da rago. Ta rantse babu kalma ko ɗaya da zai faɗa. Ba'ana ya ce zai yi, in dai za a ɗauka a Mafoni, a bakin kwatar bayan makarantar firamare, wadda ta shekara uku a toshe. Tun da za a kunna inji a ƙona gas, gara a tashi da kwata a yashe. Manasse da aka gaya masa ya ce ya yarda, amma shi ma a ba shi fitowa, ko da mai riƙe igiyar ragon ne.

Haka aka yi. Ragon ya ƙwace sau biyu, Manasse ya bi shi da gudu har cikin wani gida, aka ɗauki wannan ma. Kafin la'asar an gama fim, 'yan wasa suka tattara kayansu suka hau keke. Ba'ana ya tsaya, don saura kamar taku talatin kwatar ta haɗe da babbar magudana. Ya ci gaba da kwasa yana zubawa a tipa, maƙwabta na zaune a ƙofar gidajensu suna hira, har ruwan da ya daɗe kwance ya motsa ya fara tafiya. Ya wanke bokitin, ya ajiye injin a inuwa, ya taka zuwa gida, ya isa ana kiran magariba.