Ƙwallo a Hannun Auta

Shugabar ofis ta ɗauko wani mai horarwa daga waje, ta tara mu a ɗakin taro don mu tsara bita. Bitar haɗin gwiwa ce, in ji ta, ma'aikata da 'yan sa-kai su koya tare.

Ni ɗan sa-kai ne. Tun da na ajiye tuƙin babbar mota nake zaga gidajen tsofaffin da ba sa iya fita, in kai musu magani, in gyara ƙofa ko fitila. Daga ɓangarenmu an kira ni da Gwaggo mai ɗinki. Daga ɓangaren ma'aikata akwai Auta, ɗana. Aikin gwaji yake yi, ba a tabbatar da shi ba tukuna, kuma Shugaba ce mai sa hannu. Tun da ya fara, ko tari matar nan ta yi sai ya gyaɗa kai. Na sha gaya wa uwarsa yaron nan ba shi da zuciya.

Mai horarwa ya shigo cikin kwat, yana zufa, turarensa ya riga shi. Ya sa aka ture tebur gefe, aka zagaya da kujeru. Ya fito da ƙananan takardu masu launi.

"Me kuke so a koya?"

Na ce a koya wa sababbi yadda ake ɗaga tsoho daga gado ba tare da an murɗe masa kafaɗa ba. Ya ce madalla, ya rubuta a takarda ruwan ɗorawa, ya manna a bango can bayan ƙofa.

"Za mu dawo kansa. Amma matsalarku ba ta gado ba ce. Girma ne ya raba ku. Ma'aikaci yana jin kansa, ɗan sa-kai yana jin shekarunsa. A bitar nan babu Baba, babu Malam, babu Shugaba. Kowa da sunansa na yanka."

Sai ya zaro ƙwallo daga jaka, ja, irin na yara. Wai ka kira sunan mutum tsurarsa, ka jefa masa, shi ma ya kira wani.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, da ƙwallon za mu riƙa juya majinyaci?"

"Wasan sabo ne, Gwaggo."

"Ka ji, kai ma ka ce Gwaggo. Ni har mijina ya rasu bai ji sunansa a bakina ba, kuma mun saba, 'ya'ya ne shaida."

Auta ya soma dariya, ya ga fuskar Shugaba, ya haɗiye.

Shugaba ta ce, "A gwada yanzu mu gani. Abin da muka kasa a nan, ba za mu iya a gaban jama'a ba."

Mai horarwa ya kira sunanta ya jefa mata. Ta cafe, ta yi yaƙe kamar mai shan magani. Ta kira Auta ta jefa masa. Ya juya wajen Gwaggo.

"A'a," in ji Shugaba. "Jefa wa na kusa da taga."

Ni ne kusa da taga.

Mai horarwa ya tambayi dalilin shirun, Gwaggo ta ce, "Ubansa ne, malam mai kwat."

Sai ya tafa hannu kamar an yi masa bushara. "Kai! Wannan shi ne abin da nake nema! Da shi za mu buɗe bitar. In ɗa ya kira ubansa da suna a gaban kowa, wa kuma zai riƙe girma?"

Ban ga wanda ya isa in yi gardama da shi a ɗakin ba. Na dubi Auta. Yana riƙe da ƙwallo da hannu biyu, zufa tana bin wuyan rigar da uwarsa ta goge masa da safe.

Shugaba ta gyara tabarau, ta dubi Auta. "Kai za ka jagoranci wasan nan ranar bita. Ina so in ga wanda zai iya aikin nan kafin in sa hannu a kan maganarka. Gida daban, ofis daban."

Na ce, "Jefo mana, ma'aikaci. Ko sunan ne ka manta?"

Gwaggo ta taɓa ni. "Haba, Yaya, ka bar yaro ya ji da abu ɗaya."

Na riga na yanke a raina. In ya kira, zan cafe ƙwallon, in kuwa ya dawo gida zai samu abinci kamar kullum. Abin da ba zai ƙara samu ba, ni kaɗai na sani.

"Baba…" in ji Auta.

"Babu Baba!" in ji mai horarwa, yana murmushi. "Sake."

Fanka tana juyawa. Shugaba ta dubi agogonta, ta ce, "Muna jiranka."

Auta ya sunkuya, ya ajiye ƙwallon a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Ya ɗago ya dube ta.

"Ba zan kira ba."