Na'ibin Japan

Othman ya toshe taga ta ƙarshe da buhu. Ɗakin ajiyar ya yi duhu, ko da yake yanzu aka idar da La'asar. Mutum goma sha biyu ne a kan tabarma. Na'ibi tela ya zauna kusa da ƙofa.

Bai so zuwa ba. Shekara shida rabonsa da wannan gida na Othman a unguwar Sharafiyya, tun da aka kama Ɗan'azumi, ɗan baffan Othman, aka mayar da shi ƙasarsu don ba shi da iƙama, takardar zama. Na'ibi ne ya kai rahotonsa, saboda Ɗan'azumi ya kafa keken ɗinki a gaban nasa. Ba wanda ya sani. Amma jiya Othman ya tako har shago, ya ce ya samu fim ɗin Japan a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, lallai ya zo. Me ya sa sai shi? Me ya sa sai yanzu, da tasa iƙamar ta yi wata biyu da ƙarewa?

Majigi ya fara ƙara. A bango sai ga maza da dogayen takubba, fuskokinsu fari fat an ja musu layi, suna takawa a hankali kamar masu rawa, ana buga katako. Rubutun Larabci yana gudu a ƙasa. Yawancinsu ba sa karatu, Na'ibi ma haka, don haka Othman ke tsaye yana fassarawa da Hausa.

Ya ce an yi wa wani bawan sarki sharri, an kore shi zuwa tsibiri. Ɗan'uwansa ya yi shekaru yana gaisawa da mai laifin, yana murmushi, yana jiran rana.

"Wanda ya kai shi ƙara," in ji Othman, "na'ibi ne."

Aka yi dariya. Abdulghani mai shayi ya juyo ya ce ashe Malam har Japan ya je bai faɗa musu ba. Na'ibi bai yi dariya ba. Ya duba fuskokinsu a hasken bango. Wa ya sani a cikinsu? Ko duka?

Sau bakwai Othman ya ambaci sunan a cikin fassararsa. Na'ibi ya yi ƙarya. Na'ibi ba ya barci. An gayyaci na'ibi liyafa, ya je. A nan mai ramuwa ya daskare, ya zaro ido, ya kafe shi a kan masu kallo, katako yana ta bugawa. Tela ya sunkuyar da kai. Bai ga ƙarshen ba, tabarma yake kallo.

Da aka watse ya tsaya. Othman yana naɗe fim.

"Ba sai ka tara mini jama'a ba," in ji Na'ibi. "Ni na kai Ɗan'azumi. In ramawa za ka yi, ka san takardata ta mutu. Je ka faɗa wa hukuma, halas, shi ke nan."

Hannun Othman ya tsaya. Ya daɗe yana duban Na'ibi. Sannan ya warware fim ɗin kaɗan, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, ya sa yatsa a ƙarƙashin wata 'yar kalma.

"Na'ib," ya ce. "Mataimakin gwamna. Haka aka rubuta, Malam. Na kira ka ne don ka ga ɗinkin rigunansu."

Daga nesa aka fara kiran Magariba. Othman ya naɗe sauran fim ɗin, ya rufe gwangwanin, ya ɗauki buta. Bai ce masa ya zo su yi sallah ba.

Na'ibi ya nemi takalmansa a bakin ƙofa.